Muhawara: Har yaushe ya kamata a ci gaba da gyara babbar manhajar kwamfuta?

Malam Habu: Ni dai a ganina, muddin kwamfuta tana aiki lafiya, bai dace kamfanin da ya yi babbar manhajar da ke tafiyar da ita ya daina aiko da gyaran tsaro ba. Microsoft ya dakatar da tallafin Windows 10 na kyauta ranar 14 ga Oktoban 2025, alhali Windows 11 ba ta hawa sai na'urar da ke da TPM 2.0, wani ɓangaren tsaro da ke cikin kwamfuta, saboda haka kwamfutoci masu ƙoshin lafiya sun zama marayu.

Injiniya Sani: Malam, kun faɗi gaskiya game da na'urorin, amma sharaɗin da kuka kawo ba shi da iyaka. Duk ɓarakar da aka toshe a sabuwar siga, sai an sami ƙwararren da zai mayar da gyaran cikin tsohuwa, ya gwada, ya tabbatar bai lalata wani abu ba, kuma aikin yana ƙara wuya ne gwargwadon yadda sigogin biyu suke nisa da juna. Masu kula da zuciyar Linux, wato ginshiƙin wata babbar manhaja daban da Windows, ma sun sanar a 2023 cewa za su rage wa'adin tallafi mai tsawo daga shekara shida zuwa biyu, domin nauyin ya yi wa masu aikin yawa.

Hajiya Rabi: Ku bari mu raba saba, wato kwamfutar da ke yi wa wasu kwamfutoci hidima, da kwamfutar tebur. Sabar da banki ko asibiti ya dogara da ita ba a sauya mata manhaja da gaggawa, shi ya sa a cikin nau'o'in Linux, Red Hat ke ba da tallafin shekara goma, Ubuntu kuma biyar kyauta, goma ga mai rajistar Ubuntu Pro. Fedora kuwa kusan wata 13 ne, amma ba a ganin laifinta, tunda tun farko ta faɗa.

Malam Habu: To, Injiniya, ai da WannaCry, muguwar manhajar da ke kulle bayanai don neman kuɗin fansa, ta ɓarke a watan Mayun 2017, an fitar wa Windows XP gyara, shekara uku bayan an ce an rufe ta. Ashe ana iyawa.

Injiniya Sani: Gyaran gaggawa ne, Malam, kuma bayan ɓarna ta riga ta auku.

Hajiya Rabi: Abin da ya fi damuna shi ne saɓa alkawari. An sanya wa CentOS 8, wani nau'in Linux, wa'adi har 2029, sai a Disambar 2020 aka dawo da shi ƙarshen 2021, waɗanda suka gina sabobinsu a kai suka shiga neman mafita, har aka samar da Rocky Linux da AlmaLinux don maye gurbinta. Wanda aka gaya wa shekara biyar zai shirya, wanda aka yanke wa a tsakiyar tafiya kuwa bai da ta yi.

Malam Habu: Na yarda da ke a kan saba, Hajiya. A kan kwamfutar tebur ina nan a bakana: a fara lissafin shekarun daga ranar da aka daina sayar da na'ura ɗauke da manhajar, ba daga ranar fitowarta ba.