Neman shawara kan lakwal ga yaro mai larurar otizim

Maman Nura: Assalamu alaikum ƴan zaure. Ina neman shawararku kan ɗana na uku, wanda zai cika shekara shida kafin a koma lakwal a watan Oktoba. Likitan yara da ya duba shi bara ya ce yana da larurar otizim, wadda wasu ke kira galahanga. Kalmomin da yake furtawa ba su da yawa, idan yana son abu sai ya kama hannuna ya kai ni wurinsa, kuma ƙarar injin niƙa da ke bayan gidanmu tana sa shi toshe kunnuwa yana kuka. Mahaifinsa yana so a sa shi CI, wato ajin farko na firamare, tare da sa'anninsa, ni kuwa ina tsoron abin da zai tarar. Wace lakwal kuka sani a cikin Maradi da ke karɓar irin waɗannan yara da haƙuri?

Hajiya Rabi: Wa alaikumus salam. Allah Ya ba shi lafiya, ke kuma Ya ba ki ladan ɗawainiya.

Baban Siraji: Maman Nura, ni ba zan ba ki sunan lakwal ba, domin suna ne ya ja mu inda muka sha wuya. Lokacin da Siraji ya isa shiga aji, mun kai shi wata lakwal ta kuɗi wadda kowa ke yabawa, muka yi wa darakta bayanin halin yaron tun daga farko, ya ce mu kwantar da hankalinmu, sun saba. Muka biya kuɗin shekara gaba ɗaya. Ba a jima ba yaron ya fara cizon bayan hannunsa har ya yi kanta, kuma da zarar ya ga uwarsa ta ɗauko rigar lakwal sai ya shige ƙarƙashin gado. Tun da ba ya iya ba da labari, ba mu san abin da ke faruwa ba, sai da ƴar maƙwabcinmu da ke ajin ta gaya wa uwarta cewa kullum ana tsula masa bulala saboda ba ya amsawa idan an kira suna, in ya yi kuka kuma a fitar da shi bakin ƙofa ya zauna cikin rana har a tashi. Da na je na yi magana, sai aka ce mini yaron yana hana sauran karatu, in ina so in ɗauke shi, kuɗi kuma ba a mayarwa. Na ɗauke shi, ya shekara a gida, kuma mun daɗe kafin ya yarda ya sake bin hanyar da ta ratsa ƙofar wannan lakwal ko da bisa babur ne.

Inda Allah Ya yi mana gyaɗar dogo shi ne wata lakwal ta gwamnati kusa da gida, mai azuzuwan zana a gefe guda, wadda ba wanda zai nuna maka ita idan kana neman ta kirki. A can muka samu wata malama dattijuwa. Ita ta ce mu riƙa kawo shi kafin sauran yara su taru, ya shiga ajin babu kowa, ya zauna wurinsa na kullum a gaba ta jikin bango. Idan hayaniya ta yi yawa ta ga ya fara kaɗa hannuwa, sai ta ba shi murafen kwalba cikin gwangwani ya fita gindin bedi ya jera su, wata babbar yarinya tana kallonsa, in ya natsu ya dawo. Ba ta taɓa tilasta masa ya dube ta cikin ido ba. A hannunta ya koyi rubuta sunansa da ƙirga har ɗari. Saboda haka ki nemi ganin wanda zai riƙe ajin, ki roƙi a bar ki ki zauna a baya wata safiya, ki ga abin da yake yi idan yaro ya yi kuka. Ki kuma nemi a fara da rabin wuni, kada ki biya kuɗin shekara sai kin ga kamun ludayinsu.

Mushe Laminu: Alhaji, abin da aka yi wa Siraji zalunci ne, ba ni kare shi. Sai dai ina so iyaye su san halin da muke ciki. Malami ɗaya ne a gaban aji cike maƙil, wasu yaran a ƙasa bisa tabarma, kuma ni dai a horon da na samu ba a taɓa koya mini yadda ake tafiyar da irin wannan yaro ba. Wanda bai sani ba, idan ya kira yaro sau uku bai waiwayo ba, taurin kai zai ɗauka.

Baban Siraji: Mushe, mun yi musu bayani tun ranar farko. Rashin sani ba shi ne ya zaunar da yaro cikin rana ba.

Mushe Laminu: Na yarda da wannan, Alhaji. Ga abin da zan ƙara wa Maman Nura. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu buƙata ta musamman a 2008, kuma sashe na 24 ya yi magana a kan haƙƙinsu na ilimi tare da sauran yara. Idan darakta ya ƙi rubuta shi saboda larurarsa kawai, ki kai maganar gaban sufeton makarantu na yankinku. Abin da ya yi mini amfani a aji kuwa shi ne gajeren umarni guda ɗaya a lokaci ɗaya, tare da nuna abin da nake nufi: in ce "ɗauki alli" ina riƙe da alli, in jira, kada in jero magana biyar a kai. Na kuma zana tsarin wuni a jikin bango da hotuna, daga gaisuwa zuwa karatu, hutu da tashi, domin yawancin waɗannan yara hankalinsu ya fi kwanciya idan sun san abin da ke biye. Wannan hanya ba ni na ƙago ta ba, wani tsari ne mai suna TEACCH da aka kafa a jihar Karolina ta Arewa a Amurka a 1972.

Malam Habu: Ni tambayata ita ce, shin gaskiya ne allurar rigakafi ce ke jawo wannan abu? A unguwarmu haka mata ke faɗa, har wasu sun daina kai yara awo.

Majo Sani (ma'aikacin lafiya): Malam Habu, ba gaskiya ba ne, kuma ina roƙonka ka isar musu da wannan. Maganar ta samo asali daga wani likitan Ingila, Andrew Wakefield, wanda ya buga rahoto a mujallar Lancet a 1998 kan yara 12 kacal. Daga baya aka gano maguɗi a cikin aikin, mujallar ta janye shi a 2010, shi kuma aka soke masa izinin aikin likita. A Denmak an bi diddigin yara fiye da 650,000, aka fitar da sakamakon a 2019, ba a samu wata alaƙa tsakanin allurar ƙyanda da otizim ba. Abin da ke ruɗa iyaye shi ne alamun sukan fito fili tsakanin shekara ɗaya da biyu, wato kusa da lokacin da ake yin wasu alluran. Larurar ta shafi yadda ƙwaƙwalwa ke girma ne tun da wuri, gado yana da babban hannu a ciki, kuma an fi gano ta ga maza. Likita Leo Kanner ya bayyana ta tun 1943. Ƙyanda kuwa mun san abin da take yi wa yaranmu idan ta shigo gari lokacin bazara.

Malam Habu: Na gode, Majo. Zan karanta musu wannan kamar yadda ka rubuta.

Inna Tsahara: Mu dai a da, yaro irin wannan wurin malamai ake kai shi. Kada a raina addu'a.

Malam Bashiru: Inna, babu mai raina addu'a, kuma ni kaina ina tofa wa jikana kullum safe da yamma. Amma abin da wasu ke yi da sunan fitar da aljanu, su rufe yaro cikin ɗaki da hayaƙi, su dake shi, su karɓi akuya da kuɗi, wannan ba addu'a ba ce. Yaron da ƙarar injin niƙa ke sa shi kuka, yaya zai ji idan mutum yana yi masa tsawa cikin kunne? A yi addu'a a hankali, a kuma nemi masu sanin larurar.

Inna Tsahara: Ban ce a daki yaro ba, Malam. Na ce a haɗa da roƙon Allah.

Malam Bashiru: To bakinmu ɗaya, Inna, ki yi haƙuri.

Malama Zuwaira: Ƴar'uwa Maman Nura, ni abin da za ki yi a gida kafin Oktoba ya fi damuna, domin yaron da ba shi da hanyar cewa "ina jin ƙishirwa" ko "ina son bayan gida" zai wahala a kowane aji. Tun da yana jan hannunki zuwa abin da yake so, ya riga ya nuna miki yana son ya yi magana da ke. Ki ɗauki hoton kayan gidanku da wayarki: kofin da yake shan ruwa da shi, buta, kwanon fura, tabarmarsa, takalminsa. Nasa na ainihi, ba zanen littafi ba. Ki kai wa mai hoto ya wanke miki su kamar faɗin tafin hannu, a like su cikin leda mai kauri don kada ruwa ya ɓata su. Ki fara da abu ɗaya da yake matuƙar so. Ga ɗiyata fura ce. Sai na riƙe kwanon a gabanta, yayarta tana zaune a bayanta. Da ta miƙo hannu, yayar ta kama hannun ta ɗora bisa hoton, ta taimaka mata ta miƙo mini. Da hoton ya taɓa hannuna sai in ce "fura", in ba ta kurɓi ɗaya nan take. Ba na ce mata "faɗi fura", ba na kuma riƙe abincin har sai ta yi kuka. A hankali yayar ta riƙa janye hannunta, har ranar da yarinyar ta tashi da kanta ta ɗauko hoton ta same ni a madafa. Daga nan muka ƙara na biyu, ta koyi zaɓa. Yanzu hotunan suna rataye a igiya jikin ƙusa, daidai tsayinta. Ana kiran hanyar PECS, Andy Bondy da Lori Frost ne suka fara ta a Amurka a 1985. Surukata ta ji tsoron hoto zai hana ta magana, amma kalmominta na farko na abubuwan da ke cikin hotunan ne. Ba kowane yaro ne zai kai ga magana ba, wannan gaskiya ce da ya kamata a faɗa, sai dai kuka da buga kai sukan ragu idan ya samu yadda zai nemi abu.

Hajiya Rabi: Malama, don Allah ki turo hoton igiyar nan mu gani.

Majo Sani: Akwai abu biyu da na manta. Na farko, duk yaron da ba ya waiwayowa idan an kira shi, a fara auna jinsa, domin a yankinmu sanƙarau da ciwon kunne suna kurmantar da yara, wani lokaci kuma abin biyu ne a haɗe. Na biyu, babu ƙwaya ko allura ko sassaƙe da ke warkar da otizim, duk wanda ya ce zai sayar muku da shi kuɗinku yake so. Amma farfaɗiya ta fi yawa ga waɗannan yara, ita kuwa tana da magani. Idan kun ga yaro yana sandarewa, ko yana ƙura ido na ɗan lokaci ba ya jin taɓawa, ku kai shi asibiti, kuma idan an ɗora shi kan magani kada a tsayar ba tare da likita ba.

Abdu Mai Kabu-kabu: Ni roƙona ga iyaye shi ne a kula da ƙofa. Na taɓa tsintar yaro yana tafiya shi kaɗai wajen hanyar Gulbi da damina, na tambaye shi gidansu bai ce komai ba, sai da muka yi ta zagaya unguwa kafin a gane shi. A ɗinka lambar waya a jikin rigarsa, a rufe rijiya da murfi mai nauyi, a kuma gaya wa masu shago da masu shayi na layin cewa idan sun gan shi shi kaɗai su riƙe shi.

Baban Siraji: Wannan magana ce mai muhimmanci. Da yawansu ruwa yana jan su, kuma ba su san haɗarinsa ba. Mu sakata muka ƙara a sama inda hannunsa bai kai.

Malam Habu: To batun ba su waya fa? Ƙanwata in ta miƙa wa nata waya sai ya yi shiru wuni guda.

Malama Zuwaira: Shirun yana ba uwa damar yin aiki, ba na ganin laifinta. Amma wunin da ya yi da waya wuni ne da bai nemi komai wurin kowa ba. Ni na sa hoton wayar cikin igiya, sai ta nema ake ba ta, kuma akwai lokacin karɓewa da ta sani, wato kiran sallar la'asar. Hajiya Rabi, zan turo hoton idan na koma gida. Duk mai son ganin yadda ake yi da hannu, ina gida ranar Asabar da hantsi, ku zo da yayan yaron ko yayarsa, domin aikin na mutum biyu ne.