Fuskar mai harbi ko kukan uwa: a ina ya kamata kyamara ta tsaya?

Baban Ummi: Assalamu alaikum jama'a. Akwai maganar da ta tsaya mini a rai tun daren jiya. Na kalli Elephant, fim ɗin da Gus Van Sant ya yi a 2003, shekara huɗu bayan abin da ya faru a sakandaren Columbine ta jihar Kolorado a Amurka, inda ɗalibai biyu suka shiga da bindigogi ranar 20 ga Afrilu 1999, suka kashe 'yan uwansu 12 da malami ɗaya, sannan suka kashe kansu. Fim ne na ƙaramin jari, kuma shi ya ɗauki babbar lambar yabo a bikin fina-finai na Cannes a Faransa a wannan shekarar. Amma ni da ya ƙare raina ɓaci ya yi. Ga matsayata: duk fim ɗin da ya ɗora kyamara a kan yaron da ya harbi 'yan makarantarsu, ya nuna yadda ya shirya, yadda ya sa kaya, yadda ya shigo, to ya taya shi ƙarasa aikin da ya fito yi. Abin da irin waɗannan yara ke nema shi ne duniya ta san da su. Shi ya sa ko sunansu ba zan rubuta a nan ba.

Mai Kyamara: Wa alaikumus salam Baba. Da girmamawa, ban goyi bayan wannan ba. Aikina ke nan ɗauka da tacewa, kuma na kalli fim ɗin nan fiye da sau biyar. Ku duba inda kyamarar take tsayawa. Minti 81 ne gaba ɗaya, kuma mafi yawansa bin bayan yara take yi a barandar makaranta, doguwar tafiya ba yankewa. Ga yaron da ya makara saboda mahaifinsa ya bugu da giya, sai shi ya karɓi tuƙin mota. Ga mai ɗaukar hoto yana wanke hotunansa. Ga yarinyar da ba ta son sa gajeren wando a filin wasa, 'yan uwanta mata suna yi mata gori. Akwai wata haɗuwa ta 'yan daƙiƙu a baranda da aka nuna har sau uku, kowane karo ta idon wani yaro daban. Yaran ma yawancinsu ba 'yan fim ba ne, ɗaliban garin Portland ne aka ɗauko. Kafin harsashi na farko ya tashi, ka riga ka san su kamar ƙannenka. Da harbin ya zo kuma, babu kiɗan tada tsikar jiki, babu jarumin da zai zo ceto. Mutum ya faɗi kawai. Wannan ba yabon mai kisa ba ne, Baba.

Maman Sadiq: Ƙanina, na ji bayaninka, amma ni a matsayina na malamar aji wani abu ne daban ya dame ni. Fim ɗin ya nuna ana jifan ɗaya daga cikin yara biyun da suka yi harbin da ƙazanta a aji. Ya nuna suna wasan harbi a kwamfuta. Ya nuna shirin Hitler a talabijin ɗin gidansu. Ya nuna yaron yana kaɗa fiyano. Ya baje duk wannan a faifai ya tafi ya bar mu. To wanne ne dalilin? Shekara 17 ina koyarwa, kullum akwai yaron da ke zaune can ƙarshen benci ba ya magana da kowa. In na kalli fim irin wannan, so nake na fito da abin da zan lura da shi gobe da safe.

Mai Kyamara: Anti, ai da gangan ya yi haka. Sunan fim ɗin ma giwa yake nufi, kuma daraktan ya ce labarin makafin nan da suka taɓa giwa ne ya zo masa a rai: wanda ya kama hanci ya ce maciji ce, wanda ya rungumi ƙafa ya ce itace ce. Bayan Columbine haka aka yi a Amurka. Wasu suka ce wasan kwamfuta ne, wasu suka ce mawaƙi Marilyn Manson ne, wasu suka ce tsangwama ce. Da ya zaɓi guda ɗaya, da kowa ya koma gida hankali kwance yana cewa ɗana ba ya wannan.

Malam na Zariya: Ku bari in sa baki. Wannan gardamar an yi ta tun a Cannes ɗin. Todd McCarthy na mujallar Variety ya rubuta cewa in an kyautata wa fim ɗin zato ba shi da amfani, in kuma ba a kyautata ba to ganganci ne. Sannan ga abin da ke ƙarfafa maganar Baban Ummi. A watan Maris na 2005, wani yaro ɗan shekara 16 a Red Lake ta jihar Minnesota ya kashe mutum tara kafin ya kashe kansa, bakwai daga cikinsu a makarantarsu. An ruwaito cewa makonni kaɗan kafin nan ya kalli Elephant tare da abokansa, yana tsallake farkon yana zuwa wurin shiri da harbin. Duk doguwar tafiyar barandar da Mai Kyamara ke yabo, shi bai tsaya kallonta ba.

Baban Ummi: To kun ji. Darakta yana da niyyarsa, amma ba shi ke riƙe da rimot a ɗakin yaro ba. Akwai ma wani da ya fito a 2003 ɗin, Zero Day na Ben Coccio, wanda kusan gaba ɗayansa yara biyu ne ke ɗaukar kansu a bidiyo suna shirin harbi. Alhali kaset-kaset ɗin bidiyo na gaske da maharan Columbine suka bari, hukumar 'yan sandan yankin ƙin sakin su ta yi don tsoron kwaikwayo, daga baya ma aka lalata su. Abin da hukuma ta ɓoye, sai ɗan fim ya zo ya ƙera irinsa?

Maman Iman: Baba, ku yi haƙuri in faɗi tawa, don ni a nan jihar Maryland ta Amurka nake da yara biyu a makaranta. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. 'Yata tun tana shekara biyar ake koya musu atisayen ɓuya: a kulle ƙofa, a kashe fitila, a taru a lungu, kada wanda ya yi tari. Ranar da ta dawo tana nuna mini yadda ake yi, shiga ɗaki na yi na yi kuka. Wallahi a ranar ba fim nake tsoro ba. Mutum nawa ne suka taɓa kallon Zero Day? Amma a 2007, wanda ya kashe mutum 32 a jami'ar Virginia Tech ya aika wa tashar NBC bidiyonsa da hotunansa, suka sa wa duniya, kuma a ciki ya ambaci yaran Columbine. Mai sharhin fina-finai Roger Ebert, da yake sharhin Elephant, abin da ya nuna ke nan: tashoshin labarai da ke kwana suna maimaita fuskar mai kisa su suka fi koya wa yaro cewa ga hanyar yin suna. Ɗora laifin a kan ƙananan fina-finai, an bar jaki ana dukan taiki.

Baban Ummi: Allah ya tsare miki su, 'yata. Ban ce 'yan jarida ba su da laifi ba. Iyayen wani saurayi da aka kashe a gidan silima na Aurora a 2012 sun kafa gangamin roƙon kafafen labarai su daina kiran sunan masu irin wannan kisa. Ni cewa nake ƙa'idar nan ta hau kan 'yan fim su ma.

Maman Iman: In haka ne, akwai waɗanda suka bi ta. Ku nemi The Fallout na Megan Park, 2021. Ba a nuna mai harbin ko sau ɗaya ba. 'Yan mata biyu ne a banɗakin makaranta, suka haye kan masai don kada a hango ƙafafunsu ta ƙarƙashin ƙofa, ƙarar bindiga da ihu kawai ake ji. Sai wani yaro ya shigo da jinin ɗan uwansa a riga. Sauran fim ɗin duk abin da ya biyo baya ne: rashin barci, tsoron shiga banɗaki, uwa tana tambaya 'ya ta kasa amsawa. A ƙarshe, lokacin da ka ɗauka yarinyar ta fara warwarewa, sai saƙo ya shigo wayarta cewa an sake yin harbi a wata makaranta. Numfashinta ya sarƙe. Wannan saƙon ni ma yana shigo mini, kuma haka nake ji.

Mai Kyamara: Na yarda fim ne mai kyau, Anti. Amma kada mu mayar da ɓoye fuska doka. Ku ɗauki Polytechnique na Denis Villeneuve, 2009. Ranar 6 ga Disamba 1989 wani mutum ya shiga kwalejin koyon injiniya a Montreal ta Kanada, ya ware maza ya ce su fita daga aji, ya buɗe wa matan wuta. Mata 14 ya kashe a ranar, don kawai su mata ne da yake ganin sun shiga fagen maza. Villeneuve ya nuna mutumin, har an ji kalaman wasiƙar da ya bari, sai dai bai kira sunansa ba. Ya ɗauki fim ɗin baƙi da fari don kada jan jini ya zama abin kallo, kuma sunayen matan 14 ne suka rufe shi. In da an ɓoye shi da maganarsa, wa zai gane ƙiyayyar mata ce ta yi kisan? Sai a ce wani mahaukaci ne kawai, a wuce.

Malam na Zariya: Wannan hujja ce mai ƙarfi. Amma ka lura, ya jira shekara 20, kuma an nuna wa iyalan matan kafin a sake shi. Van Sant shekara huɗu ya jira.

Maman Sadiq: Ni wanda ya fi taɓa ni shi ne Mass na Fran Kranz, wanda aka fara nunawa a bikin Sundance a 2021. Babu makaranta a ciki, babu bindiga, babu ko tuna baya. Ɗaki ne guda a bayan wata coci, tebur ɗaya, kujeru huɗu. Iyayen yaron da aka kashe a gefe, iyayen wanda ya kashe shi a gefe, shekara shida bayan abin. Uban mamacin yana ta neman a gaya masa ranar da suka fara ganin alama, me ya sa ba su yi komai ba. Ita kuma uwar mai kisan ba ta kare ɗanta ba, amma ta kasa cewa ba ta son shi. A nan na ga amsar da nake nema ɗazu, ko da yake ba irin wadda na so ba ce: sun ga wasu alamu, sun kai shi wurin masu ba da shawara, kuma duk da haka abin ya faru. Mu muna cewa ka haifi ɗa ba ka haifi halinsa ba, amma ban taɓa jin nauyin maganar ba sai da na ga fuskar matar nan. Baba, a fim ɗin nan kusan awa biyu ana maganar mai harbin, har sunansa ana kira, amma ba na jin akwai yaron da zai kalla ya yi sha'awar zama shi.

Baban Ummi: Shi wannan ban gan shi ba, Malama. In yadda kika faɗa ne, ba shi nake nufi ba.

Maman Iman: Akwai abin da dukansu suke kewayewa, kuma shi ya fi ci mini rai. Bindigar daga ina? A Elephant ta intanet suka saya, mota ta kawo musu har gida, aka wuce wurin cikin minti kaɗan. A zahiri, uku daga bindigogin Columbine wata abokiyarsu 'yar shekara 18 ce ta saya musu a kasuwar baje kolin bindigogi, ba tare da an binciki kowa ba. Michael Moore ne ya tunkari wannan gaba da gaba a Bowling for Columbine na 2002, shi kuma shirin gaskiya ne, ba wasan kwaikwayo ba. A Dunblane ta Scotland an kashe yara 16 da malamarsu a 1996, kafin ƙarshen 1997 Birtaniya ta haramta wa jama'a mallakar yawancin ƙananan bindigogi. A nan Amurka kuwa an yi harbin makarantar Sandy Hook a 2012, yara 20 da manya shida. An yi Parkland a 2018, mutum 17. An yi Uvalde a 2022, yara 19 da malamai biyu. Fina-finan nan sun ƙware wajen nuna ciwon zuciya, amma kaɗan ne ke shiga shagon da aka sayar da bindigar.

Ɗan Yobe: Tun ɗazu ina karantawa ban ce komai ba. Na san abin ba ɗaya ba ne, don mu namu daga daji suke zuwa, ba ɗan aji ne ke ɗauko bindiga ba. Amma a watan Fabrairun 2014 an shiga kwalejin gwamnatin tarayya ta Buni Yadi cikin dare, aka kashe gomman ɗalibai maza a ɗakunan kwanansu. Su can suna gardamar ko a nuna ko kada a nuna. Mu kuwa bidiyon maharan ne ya yi ta yawo a wayoyi, yaran kuma mutum nawa ne a nan zai iya kawo sunan ko ɗaya? Joel Kachi Benson ya je Chibok ya ɗauki wata uwa da ke jiran 'yarta, aikin ya ci lambar yabo a bikin fina-finai na Venice a 2019. Irin wannan nake so a yi wa iyayen Buni Yadi tun suna raye.

Mai Kyamara: Allah ya jiƙan su, Yaya. Wannan magana da mu masu riƙe da kyamara kake, kuma na ji.

Baban Ummi: Amin. Na sassauta a kan abu ɗaya: Polytechnique ya nuna mini akwai inda dole a ji bakin mai laifi. Amma a kan Elephant ina nan inda nake. Akwai wurin da yaran biyu suka shimfiɗa taswirar makaranta suna tsara ta inda kowa zai bi, kuma har yanzu ba wanda ya gaya mini amfanin wannan ga uwar da ta rasa ɗanta. Ummi shekararta 15, ba zan kunna mata shi ba.

Mai Kyamara: Ni ma ba zan kunna wa 'yar shekara 15 ba, Baba. Ku nake so ku sake kallo, ku ƙirga minti nawa aka ba yaran da suka mutu, nawa aka ba waɗancan biyun.

Baban Ummi: Zan ƙirga in sha Allahu. Malama, Mass ɗin nan a ina ake samunsa? Shi zan fara gani.