Lemar da nake kwaikwaya a kwamfuta ta ƙi buɗewa, a taimaka

Ɗalibi, Birnin Kebbi: Salamu alaikum. Aikina na ajin ƙarshe kan buɗewar lemar saukar da kaya ne, irin wadda jirage marasa matuƙi na kamfanin Zipline ke jefo magani da ita a Kaduna. Kwamfutar ma ta yayana ce, sai ya taso daga shago da dare nake samunta, ga wuta ba ta zama. Na haɗa manhajar OpenFOAM mai lissafin iska da CalculiX mai lissafin ƙyallen ta preCICE, wadda ke musayar bayani tsakaninsu. Iska na fara shiga, ƙyallen ya hau kakkarwa, ragar da ake lissafin a kanta ta cukuikuye, lissafi ya watse. Wallahi ko barci ba na yi.

Ɗan Yauri: Rage tazarar lokacin da ke tsakanin taki da taki na lissafin, zai daidaita.

Injiniya: Kada ka soma. Ƙanena, ƙyallenka bai kai nauyin iskar da yake turawa ba. In sau ɗaya manhajojin ke musayar bayani a kowane taki, dole ya watse, rage tazarar ma ƙara dagula shi yake. Sai sun yi ta maimaita musayar har sun daidaita, kwamfutarka kuwa ba za ta ɗauka ba. Bar maganar buɗewa. Zana lemar a buɗe, a sandare, ka sa yoyon iska ta ramukan saƙa da dokar Darcy, wadda ake lissafa yoyo ta ƙananan ramuka da ita. Ƙoƙo marar rami yana ba da lambar turjiya, wato ma'aunin yadda yake tare iska, kusan 1.4, gwada naka da ita.

'Yar Zuru: Ku kun ji daɗi. Ni nawa malamin ko buɗe aikina bai yi ba, kuɗin bugawa kawai na yi asara. Kai wa tela yadi ya ɗinka maka, ka jefo daga bene ka ɗauki bidiyo.

Ɗalibi: Yallaɓai na gode, amma "buɗewa" na cikin taken da aka amince da shi. Kuma na gani a YouTube wani ya yi.

Injiniya: Da wace kwamfuta? NASA ma sai da ta gwada lema da roka kafin ta sauke motar bincikenta Perseverance a duniyar Mars a 2021 da lema mai faɗin mita 21.5. Ka sa yoyon iskar ma kuwa?

Ɗalibi: Tukuna, ai nailan ne.

Injiniya: Nailan ɗin ba saƙa ba ne?

Ɗalibi: Zan duba. Akwai mai kwamfuta babba a Birnin Kebbi ko Jega da zai ara mini ta kwana biyu?