Manomi mai bashin taki, yaya zai fitar da zakkarsa?

Ɗan Saminaka: Salama 'yan'uwa cikin Almasihu. Mai albashi lissafinsa da sauƙi, amma a ce manomi ya samu masara buhu 23, biyar daga ciki na wanda ya ba shi bashin taki ne. A kan 23 zai fitar ko a kan 18? Kuma hatsin zai kai majami'a ko kuɗinsa?

Dattijon Ikilisiya: Salama ɗana. Masu bi sun rabu biyu a nan. Wasu suna riƙe da Littafin Firistoci 27:30, cewa ushirin amfanin ƙasa duka na Ubangiji ne, sai su cire a kan 23. In buhunku yana cin tiya 40, ya zama buhu 2 da tiya 12. Wasu kuma suna cewa buhu biyar ɗin nan ba nasa ba ne tun farko, haƙƙin mai taki ne, sai su cire a kan 18, wato buhu 1 da tiya 32. Ni na fi karkata ga na biyun, domin Romawa 13:8 ta hana mu riƙe bashin kowa, kuma ba shaida mai kyau ba ce a ga buhunanka a gaban bagade alhali mai taki yana sintiri a ƙofar gidanka. Sai dai bashin gonar kaɗai za a cire. Kuɗin makarantar yara da gyaran babur ba sa ciki.

Maman Zumunta: Baba ya faɗi gaskiya. Abin da zan ƙara shi ne lokaci. A ware tun a wurin sussuka, ranar da ake aunawa, a ɗinke buhun a sa masa alama. In ya shiga rumbu ya haɗu da na ci, yau a ɗebi tiya biyu, gobe a kai kasuwa, kafin Kirsimeti babu shi. Kuma don Allah a bar masara ta bushe sosai, ta riƙa ƙaras in an ciza. Ɗanya tana yin fumfuna a ɗakin ajiyar ikilisiya, ta ɓata ta kusa da ita, ga shi wannan hatsin ne abincin gidan fasto da gwauraye har damina.

Ma'ajin Ikilisiya: Kan batun kuɗi, Maimaitawar Shari'a 14:24-25 ta yarda a mai da amfanin gona kuɗi in hanya ta yi nisa, saboda haka ba laifi. Inda ake kuskure shi ne a lissafa da farashin kaka, lokacin da masara take arha, sannan a ɓoye hatsin a sayar da tsada a watan Yuni. In kuɗi za ka bayar, ɗan'uwa, bayar da abin da buhun ya kawo ranar da ka sayar. In hatsi ne, sa shi a buhu mai leda biyu a ciki, ka matse iskar ka ɗaure kowace leda daban, ƙwari ba za su rayu ba. Ka tambayi dattawanku wanne suka fi bukata bana, wani lokaci ɗakin ajiya a cike yake amma ba kuɗin biyan mai bishara a ƙauye.