Yabon gwanin kishiya, cin amanar riga ne?

Mai Ruwan Zinare: Jama'a, abin nan ya ishe ni. Da zarar mai goyon bayan Lakers ya buɗe baki ya ce Nikola Jokic na Denver ya iya ƙwallon kwando, sai a yi masa caa, wai ya ci amanar riga. To ni na faɗa, yabon gwani ya zama dole ko da a gidan kishiya yake. Mutumin da Denver ta ɗauka a lamba ta 41 a zaɓen sababbin 'yan wasan NBA na 2014, ya zo ya lashe MVP, wato kyautar gwarzon kaka, a 2021 da 2022 da 2024, ya ɗaga kofi a 2023. A wasan farko na ƙarshen shiyyar Yamma a 2023 maki 34 ya zuba mana, da ribawun 21 (cafke ƙwallon da ba ta shiga kwando ba) da asis 14 (fasin da aka ci maki da shi). In ban yaba wannan ba, wa zan yaba?

Zobe 17: Dakata Malam. Kishiya? Denver ɗin? Kishiyar Lakers ɗaya ce tal, Boston. Sau 12 muka haɗu da su a wasan ƙarshe na NBA. Ƙungiyar da kofinta ɗaya a duniya ba ta kai a kira ta kishiyarmu ba. Ka gyara kalmar tukuna, sannan mu saurare ka.

Ɗan Tsauni: Gaskiyarka yallaɓai, ba kishiya ba ce, uwargida ce. 4-0 a 2023, 4-1 a 2024. Wasa tara, mun ci takwas. Wanda ake kora daga gida shekara biyu a jere ba shi ke raba muƙami ba.

Zobe 17: A 2020 fa? 4-1 muka yi muku, Jokic yana fili, Anthony Davis ɗinmu ya jefa mai maki uku daidai ƙarewar lokaci a wasa na biyu. Ko ranar ba ka kunna talabijin ba?

Koren Boston: Kofin 2020 ɗin da aka buga a Orlando ba ɗan kallo ko ɗaya? Kuma tunda an ambaci sunanmu: a haɗuwa 12 ɗin nan mun ci 9, kun ci 3. Kofi sha bakwai ɗin da ka liƙa wa sunanka ma, biyar a Minneapolis, tsohon garin Lakers, aka ci su. Namu 18 ne tun 2024, duk a gari ɗaya.

Zobe 17: Wa ya kasa da kai balle ka ɗauka?

Tsohon Koci: Ku bar lissafin kofi, ku dubi abin da ya sa tare yaron nan ke da wuya. Ba ƙarƙashin kwando yake fara aiki ba. Yana karɓar ƙwallo ne a kusurwar layin jifan kyauta, ya juya baya, tsayinsa mita 2.11, yana hangen fili duka. Abokin wasansa Jamal Murray ya zagayo ta jikinsa, shi kuma ya zame masa shinge. Abu uku ne zai faru. In mai tsaron Murray ya bi ta bayan shingen, Murray ya samu sararin jifa. In ya manne masa, Jokic ya miƙa masa hannu da hannu ya mirgina zuwa tsakiya, a mayar masa, ya ɗaga ta a hankali daga mita biyu ko uku. In kuwa kuka turo mutum na biyu, to wani ya saki nasa: ko ɗaya abokin wasan nasa Aaron Gordon ya sulale ta layin baya ya dankara, ko a cilla wa mai jira a kwana. Darvin Ham, kocin Lakers a lokacin, ya gwada dabara mai kyau a ƙarshen wasan farko na 2023 ɗin: ya ɗora ɗan wasansa Hachimura a kan Jokic, ya bar Davis da sunan yana tsaron Gordon, alhali yana shawagi ne a bakin kwando. Tazarar maki 21 ta dawo 3. Inda dabarar ke ɓaci shi ne dokar daƙiƙa uku ta masu tsaro: Davis ba zai kafa sansani a cikin fenti, wato yankin gaban kwando, ba in ba wanda yake tsaro kusa da shi. Denver ta riƙa janye Gordon waje, ko ta sa shi kafa shinge, dole Davis ya bi. Sauran kuma Murray ya ƙarasa, maki 23 a kwata ta huɗu ta wasa na biyu.

Hajiyar Kwando: Baba Koci, rabin fili kawai ka karanta mana. A juya ƙwallo ɗaya gefen fa? Ƙafarsa ba ta da sauri, kuma ba mai doke jifa ba ne a bakin kwando. Ka kira mutuminsa ya kafa shinge a saman layin maki uku. In ya ja baya, mai ƙwallo ya tsaya ya jefa. In ya fito, a wuce shi ko a zura fasin ta bayansa, huɗu a kan uku ke nan. Minnesota ta nuna hanya a 2024: Towns a jikinsa, Gobert yana jira a baya, Naz Reid ya karɓa in an gaji. Suna bin bashin maki 20 a wasa na bakwai, a gidan Denver, suka farke suka ci. Gwanin rabin fili dai, na yarda.

Ɗan Tsauni: Hajiya, a wasan da kike faɗa maki 34 da ribawun 19 ya yi. Kuma tsaro ba doke jifa kaɗai ba ne. Ribawun shi ke rufe harin abokin karawa, hannunsa kuma na tsinke fasin, ki duba yawan ƙwallon da yake ƙwacewa a matsayinsa na ɗan tsakiya.

Hajiyar Kwando: Ya yi 34, ya tafi hutu. Ya yi 61 a kan Minnesota a 2025, nan ma aka ci su. Lissafi ke nan.

Koren Boston: Ku dawo kan kishiya. A 1993, ranar bikin rataye rigar Larry Bird a Boston Garden, Magic Johnson ya zo da kayan Lakers, ya buɗe, sai ga rigar Celtics a ciki. In Magic ya yi haka, wane ne Zobe da zai hana yabo?

Zobe 17: Ka kawo mini hujja da bakinka. Na ɗaya, Bird kishiya ce ta gaske, sau uku suka kara a wasan ƙarshe, 1984 da 1985 da 1987, Magic ya ci biyu. Na biyu, sai da Bird ya ajiye takalmi. Wanda har yanzu yake fili yana cin mutuncinka ba a yi masa kirari.

Ɗan Tsauni: Au, ashe dai yana cin mutuncin naku. To mene ne sunan mai yin haka in ba kishiya ba?

Zobe 17: Maƙwabci mai fitina.

Mai Kwana Uku: Ni dai har gobe ina cewa Joel Embiid, ɗan wasan Philadelphia a lokacin, ya cancanci MVP ɗin 2023, maki 33 yake ci a kowane wasa, ba wanda ya kamo shi a kakar.

Ɗan Tsauni: Ya ɗauki MVP, mu muka ɗauki kofin. Kowa ya riƙe nasa.

Mai Ruwan Zinare: Ikon Allah. Tambaya ɗaya na yi, a yaba ko kada a yaba. An je Minneapolis, an je Orlando, yanzu ga mu a Philadelphia, ba wanda ya amsa mini.

Tsohon Koci: Na amsa maka ɗana, ba ka karanta ba ne. Ka kalli idonsa lokacin da zai ba da fasin, ba inda ƙwallon za ta je yake duba ba.

Alƙalin Zaure: To, a tsaya nan. Abin da na fahimta: an yi ittifaƙi cewa Denver ba kishiyar Lakers ba ce, don kofi 1 ba ya zama kusa da 17. Hajiya ta tabbatar da cewa Jokic ba ya tsaro. Baba Koci ya nuna Murray ne ya ci wasa na biyu, kuma dabarar Ham ta yi aiki, da an ƙara wasa ɗaya ko biyu da labari ya sauya. Maganar Minneapolis ba ta cikin batu, na share ta. Mai son yabon Jokic ya jira ya yi ritaya.

Ɗan Tsauni: Ittifaƙi da wa? Alƙali, hoton LeBron da rigar Lakers ne fa a kan sunanka.

Alƙalin Zaure: An rufe.