Dundumi na gado da kumburin cikin ido: in ci gaba da shan prednisolone ko in daina?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tun ina firamare nake fama da dundumi, har ta kai ga da zarar magariba ta yi sai ƙanwata ta riƙe hannuna mu dawo daga islamiyya. Iyayenmu 'ya'yan wa da ƙani ne, kuma ƙanina ma haka yake. Likita ya ce retinitis pigmentosa ce, cutar gado da ke lalata retina, wato shimfiɗar bayan ido mai karɓar haske. Yanzu shekaruna 34, ɗinki ne sana'ata, amma zura zare a allura ya gagare ni. Hoton cikin ido da ake kira OCT ya nuna ruwa ya taru a tsakiyar retina, aka rubuta mini ɗigon dorzolamide. Da na karanta cewa garkuwar jiki na da hannu a kumburin, sai na sayi prednisolone, ƙwayar da ke danne garkuwar jiki da kumburi, a kemis na fara sha. Me kuke gani?

Tsohon ma'aikacin jinya: Malam, ka koma wurin likitanka gobe. Gaskiya ne garkuwar jiki tana shiga lamarin, domin idan ƙwayoyin da ke karɓar haske suka fara mutuwa, masu tsaron retina da ake kira microglia sukan tashi kwashe su, wani lokacin su haɗa da masu rai, sinadaran kumburin da suke saki kuma suna iya sa jijiyoyin jini yoyo. Amma tushen cutar gado ne, kuma prednisolone na iya ɗaga matsin ido ya gaggauta yanar ido, wadda dama takan samu masu wannan cuta da wuri.

Wata uwa: Ɗana ma dundumi ya yi, hanta muka riƙa ba shi ya warke. 

Tsohon ma'aikacin jinya: Hajiya, naku ƙarancin bitamin A ne, nasa daban. Malam, tun yaushe kake shan prednisolone ɗin, kuma ƙwaya nawa? Idan an daɗe, yanke shi rana ɗaya haɗari ne, sai an riƙa ragewa.

Wani ɗalibi: Ai an samu maganinta a Amurka tun 2017, Luxturna, allurar da ake yi a cikin ido, kuma su ma da prednisone, ɗan'uwan prednisolone, suke haɗawa.

Tsohon ma'aikacin jinya: Wannan na masu matsalar ƙwayar gadon RPE65 ne kaɗai, kuma prednisone ɗin ana ba su ne don kada garkuwar jiki ta yaƙi allurar.

Mai tambaya: Baba, na gode, amma ɗigon nan na yi mako biyu ina sawa ban ga canji ba, sai ɗaci a maƙogwaro. Ku fahimce ni, yara huɗu nake ciyarwa da keken nan, kuma tun da na fara ƙwayar nake jin kamar hazon ya ragu. Bari in ƙarasa ɗinkin sallah tukuna.

Tsohon ma'aikacin jinya: Mako biyu bai isa a yanke hukunci ba. Har yanzu kuma ba ka gaya mini ƙwaya nawa kake sha ba.