Murar da ba ta ƙarewa: kowa ya faɗi abin da ya gwada

Malamar firamare, Pantami

Assalamu alaikum. 'Yan uwa, hazo ya fara sauka a Gombe, na kuma san ba ni kaɗai ce hankalina ya tashi ba. Ina magana ne a kan murar nan da ba ta zuwa da zazzaɓi, ba ta kwantar da mutum, amma ba ta sakinsa: atishawa a jere tun asuba, majina tsinkakkiya, hanci a toshe, ido da maƙoshi suna ƙaiƙayi. Tun ina budurwa nake da ita, yanzu ga shi ta bayyana a jikin babban ɗana. A aji, da na share allo ƙurar alli ta tashi, sai na fita waje kafin in iya ci gaba da darasi. Don Allah kowa ya faɗi abin da ya gwada, wanda ya yi masa da wanda bai yi ba. Ma'aikatan lafiyar da ke cikinmu kuma ku taimaka ku bambance mana wanda bincike ya tabbatar da wanda ji kawai muke yi a gari. Ban da tallar magani.

Mai awo, Tudun Hatsi

Wa'alaikumus salam Malama. Mu nan kasuwa lokacin kaka ne tashin hankalinmu. Da an fara sauke buhunan masara da wake ana juyewa, ƙurar nan ta cika rumfa, sai hawaye da atishawa har kwano ya gagare ni riƙewa. Piriton nake sha, yana tsayar da majinar, amma sai barci ya danne ni a kan buhu da rana tsaka, ga masu saye a tsaye. Abin da ya fi rage mini shi ne takunkumi, kuma in na koma gida na cire kayan kasuwa a zaure, na yi wanka kafin in shiga ɗaki.

Direban Keke Napep, Bolari

Alhaji, barcin nan ne ya raba ni da shi, don mai tuƙi bai isa ya yi gyangyaɗi ba. Loratadine nake sha yanzu, ƙwaya ɗaya a rana. Atishawa da ƙaiƙayi sun yi sauƙi. Toshewar hancin ce dai tana nan da dare.

Maman 'yan biyu, Jekadafari

Toshewar nan ita ce ta jefa maigidana cikin wahalar da nake so ku ji. Wani mai kemis ya ba shi maganin ɗigawa a hanci, ɗan ƙaramin kwalba. Kafin minti goma hanci ya buɗe sarai, ya yi barcin da ya daɗe bai yi ba. Babu wanda ya ce masa na 'yan kwanaki ne. Tafiya ta yi tafiya, ya zama kwalba ɗaya a aljihun riga, ɗaya a mota, ɗaya ƙarƙashin matashi. Cikin dare sai in ji shi yana lalube a duhu, yana numfashi ta baki, leɓɓansa duk sun bushe. Da farko safe da dare yake ɗigawa, daga baya ko sallar Juma'a ba ya iya zama a gama huɗuba bai fita ya ɗiga ba. Da muka je wurin likitan kunne, hanci da maƙogwaro, ya leƙa da fitila ya ce naman cikin hancin ya kumbura ya yi ja, kuma maganin ne da kansa yake toshe shi yanzu. Ya sa ya fara daina ɗigawa a ƙofar hanci ɗaya tukuna, ya haɗa masa da na fesawa. Makon farko ya sha wuya ƙwarai, a zaune yake kwana. Alhamdu lillahi ya rabu da shi.

Mai haɗa magani, Tudun Wada

Hajiya, Allah Ya ƙara masa lafiya. Abin da kika faɗa sananne ne a likitance. Magungunan ɗigawa irin xylometazoline da oxymetazoline matse jijiyoyin jinin cikin hanci suke yi, kumburi ya sauka nan take. In ƙarfinsu ya ƙare jijiyoyin su sake buɗewa fiye da da, mutum ya ƙara ɗigawa. Shi ya sa ake cewa kada a wuce kwana uku zuwa biyar da su.

Malama kin nemi a bambance, to bari in ɗan tsawaita. Ciwo iri biyu ne muke haɗawa mu kira mura. Na farko alaji ne: jiki ya ɗauki abin da ba ya cutarwa, kamar ƙurar furen ciyawa, ko kashin wasu ƙananan ƙwari da ke zama cikin katifa da matashi waɗanda ido ba ya gani, ko kyankyaso, ko gashin mage, a matsayin abokin gaba. Sai ya ƙera garkuwar da ake kira IgE, duk sanda abin ya shiga hanci a saki sinadarin histamine, shi ne mai kawo atishawa da ƙaiƙayi da majina. Na biyu babu alaji a cikinsa, hancin ne kawai ba ya jure hayaƙi, turare, sanyin iska ko busasshiyar ƙura. Mutum ɗaya yana iya haɗa duka biyun.

A gwaje-gwajen da aka yi ta yi shekara da shekaru, inda ake raba marasa lafiya gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a ba wasu maganin gaske, wasu a ba su mai kama da shi wanda babu kome a ciki, abin da ya fi tasiri a kan alajin hanci shi ne maganin fesawa mai sitiroyid, irin fluticasone, mometasone da beclomethasone. Ya fi ƙwayoyin sha irin loratadine da cetirizine, musamman wajen toshewa, wato abin da ɗan uwanmu mai Keke yake kuka da shi. Akwai kuma wanda aka haɗa fluticasone da azelastine a kwalba ɗaya, Amurka ta amince da shi a 2012, gwaji ya nuna ya fi kowannensu shi kaɗai, sai dai tsada.

Matsalar da nake gani kullum a shago ita ce mutum ya fesa kwana biyu ya dawo ya ce ba ya aiki. Mai sitiroyid ɗin ba ya buɗe hanci nan take. Kullum ake fesawa, kuma cikakken amfaninsa na iya ɗaukar mako biyu. Yadda ake fesawar ma da muhimmanci: ka fyace hanci, ka girgiza kwalbar, ka ɗan sunkuyar da kai, ka riƙe da hannun dama ka fesa ƙofar hagu, da hannun hagu ka fesa ta dama, bakin kwalbar na kallon wajen kunne, ba karan da ya raba hancin ba. Kada ka zuƙa da ƙarfi. In ka ji ɗacinsa a maƙogwaro, ya wuce inda ake so ya tsaya. Yawancin masu haɓo da shi, saitin tsakiya suke yi.

Malamar firamare, Pantami

Na gode ƙwarai Malam. Amma kalmar sitiroyid ɗin nan tana ba ni tsoro. Ƙanwata dexa, wato ƙwayar sitiroyid ɗin nan dexamethasone, take sha duk hunturu, tana jin daɗinsa, amma fuskarta ta yi suntum, kwanan baya kuma aka ce sukarinta ya hau.

Nas, Bajoga

Anti, ki roƙe ta ta je asibiti, kuma kada ta yanke shi rana ɗaya in ta daɗe tana sha, a hankali likita yake rage shi. Dexa ƙwaya ko allura duk jiki yake zagayawa: hawan jini, sukari, ƙashi ya yi rauni, ga gyambon ciki. Na fesawa kaɗan ne ƙwarai ke shiga jini, a hanci yake aikinsa. Ba ɗaya suke ba. Ina ganin mata da yawa da ake yi wa allurar sitiroyid a kemis da sunan allurar mura, abin yana ci mini rai.

Ni ma ina da ciwon, kuma abin da na riƙe shi ne wanke hanci da ruwan gishiri. Giram 9 na gishiri a lita ɗaya, daidai da ruwan da muke ƙara wa marasa lafiya, wato wajen rabin ƙaramin cokali a kofi ɗaya. A tafasa ruwan a bari ya huce, kada a ɗebo daga randa ko rijiya a zuba kai tsaye. Ina zuƙa a babban sirinji marar allura, in sunkuya a kan baho, in tura ta ƙofa ɗaya ya fito ta ɗayar. Ranar da hazo ya yi nauyi, ruwan da ke fitowa ja-ja ne saboda ƙura. Masu tace bincike na Cochrane sun duba wannan a 2018, suka ce da alamar yana rage ciwon ga manya da yara, ko da yake gwaje-gwajen ƙanana ne. Ina yin sa kafin in fesa magani, don ya samu wuri mai tsabta.

Amarya, Federal Low-cost

Ni nawa turaren wuta ne da igiyar leƙo. An yi mini gwajin fata, aka ɗiga abubuwa a jere a hannuna aka ɗan tsaga, aka jira kamar kwata, babu wanda ya tashi. Likita ta ce nawa ba alaji ba ne, shi ya sa cetirizine bai taɓa yi mini kome ba. Yanzu ina turara ɗaki in buɗe taga in fita, sai hayaƙin ya lafa in dawo. Sauro kuma gidan sauro muka koma. Uwar mijina da farko ta ɗauka ƙyuya ce, sai da ta ga idona ranar da aka yi baƙi aka cika kasko.

Dattijo mai ritaya, Herwagana

'Ya'yana, ni da damina nawa yake tashi, ba hunturu ba, har ya kan sauko ƙirji in riƙa shaƙewa. Sirace da man habbatus sauda da zuma duk na yi, suna sanyaya mini rai na ɗan lokaci. Jikana ya ce a Turai akwai allurar da ke raba mutum da ciwon gaba ɗaya. Gaskiya ne?

Ɗalibar likitanci, Gombe

Baba, barka da hutawa. Akwai ta, kuma tsohuwa ce: wani likita mai suna Leonard Noon ne ya fara wallafa ta a Landan a 1911. Ana ba mutum ɗan kaɗan daga abin da jikinsa ba ya so, ana ƙarawa sannu a hankali har jikin ya saba. Yanzu akwai ta ƙwaya da ake sa wa ƙarƙashin harshe, ta ƙwarin katifa ma Amurka ta amince da ita a 2017. Amma shekara uku ake yi a kai, sai an gwada an san takamaiman abin da ke tayar da ciwon, kuma a gaban likita ake farawa saboda jiki na iya yin bori mai tsanani. Tana rage ciwon sosai, tasirinta na daɗewa bayan an gama, sai dai ba kowa take raba shi da shi kwata-kwata ba.

Tashin naka da damina ya yi kama da na ƙwarin katifar nan, don laima suke so. A riƙa shanya katifa da matashi a rana mai zafi, a wanke zanen gado da ruwan zafi, in akwai tsohon kafet a ɗakin kwana a ɗauke. Shaƙewar ƙirjin kuma Baba kada a bar ta. Hanci da huhu hanya ɗaya ce, da yawa daga masu asma suna da alajin hanci. A je asibitin koyarwa na tarayya a auna numfashinka.

Abu biyu kuma da bincike ya sauya kwanan nan. Montelukast, da ake yawan rubuta wa yara, a 2020 hukumar magunguna ta Amurka ta sa masa gargaɗi mafi girma saboda munanan mafarkai, damuwa da sauyin hali, ta ce a alajin hanci kada a fara da shi. Phenylephrine na sha kuma, wanda ke cikin magungunan mura da yawa, a 2023 kwamitin masanan hukumar ya ce ba ya buɗe hanci.

Abin da ke damuna shi ne yawancin manyan gwaje-gwajen nan a Turai da Amurka da Japan aka yi su, a kan furen ciyayi da itatuwan can. Ƙurar da muke shaƙa daga Nuwamba zuwa Maris, mai yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi iska ke kwaso ta, ta haɗu da hayaƙin murhu da na janareto da ƙurar sussuka. Mai awo a Tudun Hatsi ya cancanci a yi gwaji a kan irin hancinsa.

Mai awo, Tudun Hatsi

'Yata, maganarki gaskiya ce, amma mutanenmu ba su manta abin da ya faru a Kano a 1996 ba, lokacin sanƙarau, da aka gwada Trovan a kan yara. In aka ce gwaji, guduwa za a yi.

Ɗalibar likitanci, Gombe

Haka ne Baba, kuma tsoron yana da dalili. Yau doka ta ce ba a gwajin magani sai NAFDAC da kwamitin ɗa'ar bincike sun amince. Duk wanda aka gayyata haƙƙinsa ne a yi masa bayani da Hausa, a faɗa masa illar da ke iya biyowa, a ba shi kwafin takardar da ya sa wa hannu, kuma ya fita duk ranar da ya ga dama ba tare da an daina duba shi ba. In aka rasa ɗaya daga cikin waɗannan, kada ya shiga.

Malamar firamare, Pantami

Allah Ya saka da alheri. Tambaya ta ƙarshe a kan yaron: shekararsa 7, da baki buɗe yake barci, yana minshari. In saya masa na fesawar?

Nas, Bajoga

A'a Anti, a fara kai shi a duba. Minshari da buɗe baki a shekarunsa na iya zama kumburin naman bayan hanci, kuma yana taɓa ji da karatu. Akwai na fesawa da aka yarda yara su yi amfani da shi, amma likita ne zai zaɓa ya faɗi adadi. Ki kuma lura ko majinar ta ƙofa ɗaya take fitowa, mai kauri da wari, don yara kan cusa wake ko dutsen ado a hanci su yi shiru. Manya ma, toshewar gefe ɗaya da ba ta sauyawa, ko majina da jini, a kai wa likitan hanci cikin makon.